Tsofaffin wasannin bidiyo na dawowa gidaje, amma mafi yawansu sun maƙale a hanya

A watan Yunin 2018 aka fara sayar da wani wasan bidiyo a kan na'urar Switch ta kamfanin Nintendo na ƙasar Japan, a kan kuɗin da bai kai dala 8 ba. Wasan ba sabo ba ne. Sunansa Donkey Kong, tun 1981 ya fito, kuma a cikinsa ne aka fara ganin gajeren mutumin nan mai gashin baki da jar hula wanda daga baya duniya ta sani da Mario.

Abin da ya ja hankalin masu bibiyar harkar shi ne daɗewar da aka yi. Shekaru da dama ana sayar da Donkey Kong a kan na'urorin gida iri-iri, amma wanda ake sayarwar kwafi ne da aka sake ginawa. Wanda ya fi yaɗuwa, na na'urar NES, matakai uku ne da shi, alhali na asalin matakai huɗu ne. Nintendo bai taɓa fitowa ya yi dogon bayani ba, sai dai masana tarihin wasanni da dama na danganta jinkirin da wata tsohuwar shari'a. Wani kamfani mai suna Ikegami Tsushinki ne ya rubuta manhajar wasan bisa kwangila, daga baya suka saɓa da Nintendo a kan wa ke da ita, aka je kotu a 1983, ba a rufe maganar ba sai 1990.

Idan wasan da ya haifi Mario zai yi wannan zaman jira, to ina ga dubban da ba su da gata?

Akwatin da ke cin kwandala

Kafin wasan bidiyo ya shiga ɗakunan mutane, a waje ake yin sa. Akwati ne na katako mai tsayin mutum, da fuskar talabijin a sama, sandar juyawa da maɓallai a tsakiya, sai wata 'yar kafa da ake jefa kwandala a ƙasa. A Amurka santi 25 ake jefawa, a Japan yen 100. Ana jera irin waɗannan akwatuna a zauruka na musamman da ake kira arked, ana kuma ajiye su a gidajen abinci da tashoshi.

Kamfanin Atari ne ya fara nuna cewa akwai kuɗi a harkar, da wasan Pong a 1972. An ajiye akwatin gwaji a wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya. Ba a daɗe ba mai wurin ya kira ya ce injin ya lalace. Da Al Alcorn, injiniyan da ya haɗa shi, ya je ya buɗe, sai ya tarar kwandaloli ne suka cika ma'ajin har suka toshe hanya.

Daga nan sai Japan ta karɓe ragamar. A 1978 Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito ya fitar da Space Invaders, inda ake harbin wasu halittu masu saukowa daga sama sahu-sahu. Duk wanda ya taɓa yin wasan ya san cewa suna raguwa suna ƙara gudu. Asalin wannan rauni ne na na'urar: idan halittun suna da yawa, zana su na yi mata nauyi, idan suka ragu sai ta samu sauƙi ta ƙara sauri. Nishikado ya ga abin ya ƙara wa wasan armashi, sai ya bar shi haka. Pac-Man na kamfanin Namco ya biyo baya a 1980, sai Donkey Kong da Galaga a 1981.

Tun lokacin ne kamfanoni suka fara tunanin kai waɗannan wasanni gida, kuma tun lokacin ne matsalar ta fara. Akwatin waje na'ura ce mai tsada da aka ƙera don wasa ɗaya tak. Ta gida kuwa dole ta yi araha, ta kuma ɗauki kowane kaset aka sa mata.

Yunƙurin farko ya yi kyau. Atari ya sayi lasisin Space Invaders ya sa shi a kan na'urarsa ta gida, Atari 2600, a 1980, kuma mutane da yawa saboda wasan kaɗai suka sayi na'urar. Na biyun ne ya zo da tangarɗa. A 1981 aka ɗora wa wani matashin mai rubuta manhaja, Tod Frye, aikin matse Pac-Man cikin kaset mai ɗaukar kilobait 4, ƙasa da nauyin ƙaramin hoto ɗaya a wayar da kake karanta wannan rubutu. Na'urar ba ta iya zana fatalwowin wasan huɗu a lokaci ɗaya, don haka sai aka sa tana nuna su bi da bi cikin sauri. Sakamakon shi ne fatalwowi masu ƙyaftawa da ke gajiyar da ido, launi ya sauya, sautin ma ba shi ba ne. An sayar da fiye da kwafi miliyan 7, amma masu saye da yawa sun ji an yi musu sakiyar da ba ruwa.

Wannan, tare da ambaliyar wasanni marasa inganci, ya taimaka wajen durƙushewar kasuwar a Amurka a 1983. A watan Satumbar shekarar Atari ya kwashi kaset kusan 700,000 da suka yi kwantai ya binne su a wata bola a garin Alamogordo na jihar New Mexico. Shekaru da dama wasu na ɗaukar labarin a matsayin almara, sai a watan Afrilun 2014 da aka tona wurin aka fito da wasu daga cikinsu.

Ta inda suka iso mu

Mu da muka taso a arewacin Najeriya a ƙarshen shekarun 1990, akasarinmu ba mu taɓa jefa kwandala a akwati ba. Gidan gem muka sani: shago ko zaure, benci, talabijin mai ƙeya, da na'urar Sega a kan tebur. Ka biya mai gem, ka karɓi hannu, idan aka cinye ka ka miƙa wa na bayanka. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa kuwa, sai gardama ta kaure a kan wa ke gaba.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, yawancin wasannin da muke rububi a kansu 'yan ci-rani ne daga waɗancan akwatuna. Street Fighter II na kamfanin Capcom a akwati ya fara fita a 1991, Mortal Kombat a 1992. Hatta wasannin da ke cikin rawayen kaset ɗin nan da ake rubuta wa lambar wasanni dubu-dubu, alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa, irin su Contra da Circus Charlie da Road Fighter da Galaxian, duk daga can suka taso. Kwafin kwafi muka samu, kuma na'urorin da muke sa su ma yawanci jabu ne na Famicom ɗin Nintendo. Ba mu damu ba, tunda ba mu ga na asalin ba balle mu kwatanta.

Mortal Kombat ya isa misali a kan yadda wasa ke sauya kama idan ya shigo gida. Da aka fitar da shi a kan na'urorin gida a watan Satumbar 1993, Nintendo ya ƙi yarda da jini, sai aka mayar da shi gumi mai launin toka. Sega ya ɓoye jinin ne kawai, duk wanda ya danna A, B, A, C, A, B, B a farkon wasa sai ya dawo. Na Sega ya fi kasuwa. A watan Disambar shekarar Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman sauraron ba'asi a kan tashin hankali a wasannin bidiyo, abin da ya kai ga kafa hukumar ESRB a 1994, wadda ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa.

Kamfani ɗaya ne a wancan zamani ya ce zai kawo ainihin abin gida ba ragi. SNK ya fitar da Neo Geo a 1990, kayan cikinta iri ɗaya da na akwatin waje. A Amurka kuɗinta ya kai dala 649, kaset ɗaya kuma dala 200 ko fiye. Sai 'ya'yan masu hali.

Batirin da ke kashe wasa

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 na'urorin gida sun kamo na waje a ƙarfi, zaurukan suka fara mutuwa a Amurka da Turai. Masu su suka riƙa farfasa akwatunan ko su zubar, domin wuri suke ci. A Japan ma, inda harkar ta fi daɗewa, Sega ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa na zaurukan wasa a 2020, ya ƙarasa ficewa a farkon 2022.

Akwatin da ya tsira daga bola ma bai tsira daga tsufa ba. Abin da masu gyaran waya ke kira fanel, shi ne zuciyar kowane akwati, kuma kayan da ke jikinsa na lalacewa da shekaru. Wani lokacin ma da gangan aka dasa masa ajali. Bayan masu satar fasaha sun cika duniya da jabun Street Fighter II, Capcom ya fito da sabon fanel a 1993 mai suna CPS-2. An kulle manhajar wasan da lambobin sirri, aka ajiye makullin a wata 'yar ma'ajiya da ƙaramin batir ke riƙe da ita. Ranar da batirin ya mutu, makulli ya goge, wasan ya tafi, ko da komai na jikin fanel ɗin lafiya lau yake. Dabarar ta hana sata na wasu shekaru, sai dai ta mayar da kowane fanel mai jiran ranar mutuwarsa.

Waɗanda suka tsaya a kan wannan matsala ba kamfanonin ba ne. A ranar 5 ga Fabrairun 1997 wani ɗan Italiya mai suna Nicola Salmoria ya saki manhajar MAME. Aikinta shi ne ta sa kwamfuta ta kwaikwayi kayan cikin tsohon akwati, ta yadda ainihin manhajar wasan za ta gudana a kai ba tare da an sake rubuta ta ba. Da 'yan wasanni ƙalilan ta fara. A yau tana ɗaukar dubbai, kuma 'yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban ke sayen tsofaffin fanel da kuɗinsu, su kwafe abin da ke ciki, su rubuta yadda kowane ɓangare ke aiki. A 2007 Salmoria da wani abokin aikinsa, Andreas Naive, suka warware kullin CPS-2, daga baya kuma wasu suka gano yadda za a farfaɗo da fanel ɗin da batirinsa ya riga ya mutu.

A nan ne doka ta shigo. Manhajar kwaikwayo ita kanta ba laifi ba ce a Amurka, kotuna sun tabbatar da haka a shari'o'in da Sony ya yi da wasu kamfanoni wajen shekarar 2000. Amma rarraba kwafin wasannin a intanet keta haƙƙin mallaka ne, ko da wasan ya shekara 40 kuma babu inda ake sayar da shi. A 2018 Nintendo ya maka masu wasu shafuka biyu na rarraba tsofaffin wasanni a kotu, aka ƙare da yarjejeniyar biyan diyyar sama da dala miliyan 12. Wasu shafukan da suka ga haka suka kwashe kayansu da kansu.

Ba na ganin Nintendo ya yi abin da doka ta hana shi. Kayansa ne. Abin da ke da wuyar haɗiya shi ne yadda masana'antar ke cin moriyar aikin mutanen da take kallo a matsayin ɓarayi. A 2019 Capcom ya fitar da wata na'ura mai suna Capcom Home Arcade da wasanni 16 a ciki, sai aka gano tana amfani ne da FB Alpha, manhajar kwaikwayo da 'yan sa-kai suka rubuta bisa sharaɗin ba za a yi kasuwanci da ita ba. Wasu daga cikin waɗanda suka yi aikin sun ce ba a tuntuɓe su ba, suka yi fushi suka balle suka kafa tasu.

Kasuwar tuna baya

Kamfanonin sun daɗe da gane cewa yaran da suka jefa kwandala a 1981 sun girma sun yi kuɗi. Namco ya fara tattara tsofaffin wasanninsa a faifan PlayStation tun 1995 da sunan Namco Museum. Amma a shekaru goman da suka wuce ne kasuwar ta buɗe sosai. Wani ƙaramin kamfanin Japan mai suna Hamster ya fara jerin Arcade Archives a 2014, yana sakin tsohon wasa kusan kowane mako, yanzu sun kai ɗaruruwa. Shi ne ya fitar da Donkey Kong ɗin da muka fara da shi. A 2016 Nintendo ya fito da 'yar ƙaramar NES Classic mai wasanni 30 a kan dala 60, ta ƙare a shaguna cikin ɗan lokaci, 'yan kasuwar bayan fage suka riƙa ninka kuɗinta. A 2018 kamfanin Arcade1Up ya fara sayar da akwatunan da suka kai kashi uku cikin huɗu na girman na asali, mutum ya haɗa da kansa ya kafa a falo.

Mafi kyawun aikin da na gani a wannan fage shi ne Atari 50 na 2022, wanda kamfanin Digital Eclipse ya shirya. Bai tsaya ga jera wasanni ba, ya haɗa su da hirarrakin waɗanda suka ƙirƙire su, da takardun zane da tallace-tallacen lokacin, kamar mutum ya shiga gidan tarihi.

Sai dai wanda duk ya duba jerin da kyau zai ga giɓi. Wasan da aka gina a kan fim ko zanen barkwanci ko motar wani kamfani, masu haƙƙi biyu ko uku ne a kansa, kuma lasisi na da wa'adi. The Simpsons na Konami, wanda ya fito a 1991, sai 2012 ya samu zuwa Xbox da PlayStation, kafin shekara biyu an janye shi. Marvel vs. Capcom 2 an cire shi daga kasuwa a watan Disambar 2013, masoyansa suka yi ta kamfe a shafukan sada zumunta, bai dawo ba sai watan Satumbar 2024. OutRun na Sega, na 1986, ya dawo, amma jar motar da kowa ya sani mai kama da Ferrari Testarossa an sauya mata fasali. Wasu kamfanonin kuma sun rushe, an sayar da kadarorinsu hannu zuwa hannu har an rasa wanda zai sa hannu a takardar izini.

A watan Yulin 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar da wani bincike a kan wasannin da aka saki a ƙasar kafin 2010. Kashi 13 cikin 100 ne kawai ake iya saye a kasuwa a lokacin. Sauran kashi 87 sai dai mutum ya nemi tsohon kaset da tsohuwar na'ura, ko ya yi tattaki zuwa ɗakin adana kayan tarihi, ko ya bi ta haramtacciyar hanya. Ita wannan hanya ta ƙarshe ce ke zuwa mana a kasuwanninmu, a siffar 'yar sandar nan da ake soka wa a bayan talabijin, wadda kwalinta ke alƙawarin wasanni 10,000. Babu kamfanin da ya ba da lasisin wannan tarin, wasu wasannin ba sa tashi, wasu sautinsu na karkarwa, amma a cikinta za ka ci karo da abubuwan da ba a sayarwa a ko'ina bisa ƙa'ida.

Ko wanda ya dawo ta halastacciyar hanya ma, akwai abin da ba ya biyo shi. An zana waɗannan wasanni ne don talabijin mai ƙeya, wadda ke narkar da ɗige-ɗigen hoto su haɗe, shi ya sa a kan shafaffiyar talabijin ta yanzu suke fitowa da kaushi. Pac-Man da Galaga a tsaye fuskarsu take, don haka a gida sai a cike gefe da gefe da ado ko baƙi. Bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt, wadda yawancinmu muka riƙe muna yara, ba ta aiki sam da sabuwar talabijin, saboda ta dogara ne da yadda tsohuwar ke haska hoto nan take ba jinkiri.

Babban abin da ya ɓata kuwa ita ce kwandalar kanta. An tsara wasannin ne don su kashe ka cikin 'yan mintoci ka sake biya. Mai akwati na da wasu ƙananan maɓallai a jikin fanel da yake ƙara wahalar wasa ko rage yawan rayuka da su. A Gauntlet na 1985, ƙarfin ɗan wasanka raguwa yake yi da kansa ko ba a taɓa ka ba, sai ka ƙara kuɗi. Tsoron asarar nan shi ke sa hannu rawa. A sigar gida maɓalli ɗaya ne ke zuba kwandala kyauta ba iyaka, wasu ma har da damar mayar da lokaci baya idan ka yi kuskure. Kwanaki na ba wani ɗan yayana Metal Slug, ya yi ta danna maɓallin nan yana mutuwa yana tashi, kafin awa guda ya kai ƙarshe, ya ajiye hannun ya ce, “Kawu, shi ke nan?” Hamster ya yi ƙoƙarin magance wannan da wani tsari da ke ba ka dama ɗaya tak ko minti biyar, sannan a jera makinka da na sauran 'yan wasa na duniya.

Wani abin kuma kwaikwayon kirki na riƙe shi har da kurakuransa. A ainihin Pac-Man, idan mutum ya kai mataki na 256, ma'ajin ƙidayar na cika ya zube, rabin fuskar wasan ta dama ta rikiɗe ta koma tarkacen haruffa da lambobi, ba a iya wucewa. Wannan ne ya sa makin ƙoli ya tsaya a 3,333,360. Sigar da ke gudanar da ainihin manhajar 1980 za ta lalace a daidai wannan wuri, wadda aka sake ginawa kuwa ba lallai ba.

Ɗakunan karatu da gidajen tarihi a Amurka na da izinin adana tsofaffin wasanni, amma mai bincike sai ya je da ƙafarsa. Gidauniyar da ta yi binciken can, tare da ƙungiyar Software Preservation Network, sun roƙi Ofishin Haƙƙin Mallaka na ƙasar ya bari a riƙa bai wa masu bincike damar duba wasannin da ba a sayarwa ta intanet, kamar yadda ake yi da wasu littattafai da finafinai. Ƙungiyar kamfanonin wasanni ta ESA ta ƙi, tana cewa mutane za su fake da bincike su yi nishaɗi kyauta. A watan Oktoban 2024 ofishin ya yi watsi da buƙatar. Duk bayan shekara uku ake sake duba irin waɗannan dokoki, don haka zama na gaba sai 2027.